Yadda na juya kuɗin fanshona zuwa asusun Roth a Amurka, da ranakun da ya kamata a kiyaye

Duk wanda ya ɗan daɗe a Amurka ya haddace 15 ga Afrilu, ranar da ake rufe karɓar takardun haraji. Mun saba duk wata magana ta haraji a nan take tsayawa, shi ya sa da na fara tambaya kan juya kuɗin fansho zuwa asusun Roth, kusan kowa a cikin 'yan uwa sai ya ce mini in kwantar da hankalina, ina da lokaci har Afrilu. Ba haka abin yake ba. A wannan harka 31 ga Disamba ce mai yanke hukunci, kuma a bayanta akwai wasu ranakun da kowace da abin da take aunawa. Na bi wannan hanya a ƙarshen 2024 daga garin Greensboro na jihar Karolina ta Arewa, zan kuma faɗi yadda ta kasance daki-daki. Alƙaluman da zan kawo na 2024 ne, suna ɗan motsawa kowace shekara, amma tsarin ranakun yana nan yadda yake.

Shekaruna 47 a lokacin, da iyali da yara uku. Na daɗe ina aiki a wani kamfani, kowane albashi ana yankar wani abu ana zubawa a asusun 401(k), kamfanin ma yana ɗora nasa. Irin wannan kuɗi ba a biya masa haraji ba tukuna. Gwamnati ta ɗaga maka ƙafa ne zuwa ranar da za ka cira, sannan ta karɓi nata a kan uwar kuɗin da ribar gaba ɗaya. Asusun Roth kuwa akasin haka ne, ka biya harajin yanzu, abin da kuɗin ya haifa nan gaba ya zama naka kai kaɗai in ka cika sharuɗɗa. Sunan wani sanatan jihar Delaware ne, William Roth, dokar kuma ta 1997 ce. Da can wanda kuɗin shigarsa ya haura dala 100,000 ba a yarda ya juya ba, sai a 2010 aka cire wannan shingen. Abin da ke cikin juyawar shi ne, duk abin da ka kwasa daga asusun jinkiri ka kai Roth, hukumar haraji ta IRS za ta lissafa shi kamar albashi ka samu a wannan shekarar. Don haka shekarar da samu ya yi ƙasa ita ce shekarar juyawa, ni kuma 2024 ta zo mini da haka. An rufe sashenmu a watan Maris, na ɗan karɓi tallafin rashin aiki, daga baya na tafi Katsina na duba tsohuwa, ban samu sabon aiki ba sai a Satumba.

Wani Alhaji da muke sallar Juma'a tare ne ya fara jefa mini maganar a bakin masallaci, muna neman takalma. Ya ce, "Malam, bana fa shekararka ce. Tunda samu ya ragu, ka mayar da kuɗin nan Roth, kana da dama har Afrilu." A lokacin ana ta maganar cewa rangwamen harajin da aka yi a dokar 2017 zai ƙare a ƙarshen 2025, matakin haraji na kashi 12 cikin 100 ya koma 15, na 22 ya koma 25, don haka mutane na ta gaggawa. Daga baya dai, a Yulin 2025, majalisa ta bar matakan yadda suke. Shawarar Alhaji ta shige ni, amma ranar da ya faɗa ce na ga gara in ji daga tushe. A farkon Oktoba na buga wa kamfanin zuba jarin da nake son buɗe asusu da su. Matar da ta ɗauka ta ce abubuwa biyu ne mutane ke haɗawa. Zuba sabon kuɗi daga aljihunka, wanda a 2024 iyakarsa dala 7,000 ce, ko 8,000 ga mai shekara 50 zuwa sama, shi ne kake da dama har 15 ga Afrilun shekara mai zuwa, ka ce a lissafa shi a bara. Juyawa kuwa ba ta da iyakar adadi, amma shekarar da kuɗin ya fita daga asusun jinkiri ita ce shekararsa. In ya fita 2 ga Janairu, to na sabuwar shekara ne, ba wani roƙo ko takarda da za ta mayar da shi baya.

A ranar na buɗe asusu biyu ta intanet, IRA mai jinkirin haraji da Roth IRA (IRA asusun fansho ne da mutum ke buɗe wa kansa, ba ta wurin aiki ba), ba a karɓi ko sisi ba. Ana iya kwasar kuɗi kai tsaye daga 401(k) zuwa Roth, amma ni ba duka nake son juyawa ba, sai na zaɓi in fara tattara komai a IRA na jinkiri, daga can in riƙa ɗiba gwargwadon ƙarfina. Akwai kuma dalilin da ya shafi addini. A tsohon asusun 'yan zaɓuɓɓukan da kamfani ya tanadar kawai ake da su, yawancinsu cuɗe da takardun bashi masu ruwa, a IRA kuwa kai ne da wuƙa da nama, kana iya sayen hannayen jarin da aka tantace bisa shari'a. Sai dai mai shekara 55 ko kusa da haka ya dakata kafin ya kwashe, domin wanda ya bar aiki a shekarar da ya cika 55 ko bayanta yana iya cira daga 401(k) na wannan aikin ba tare da tarar kashi 10 da ake ɗora wa mai cira da wuri ba, kuma wannan damar ba ta bin kuɗin zuwa IRA.

Matakin da ya fi cin rai shi ne fito da kuɗin daga kamfanin da ke riƙe da tsohon asusun. Na daɗe a kan waya ina sauraron kiɗan jira, aka tura ni wannan sashe, aka dawo da ni wancan. Da na samu mutum, tambayar da ya yi mini ita ce cek ɗin da sunan wa za a rubuta, kuma a nan ne ramin yake. In aka rubuta da sunanka, doka ta tilasta musu su yanki kashi 20 cikin 100 su aika wa IRS, kai kuma kana da kwana 60 ka zuba cikakken adadin a sabon asusu, har da ashirin ɗin da ba ta zo hannunka ba, wato ka cike daga aljihu. In ka kasa, giɓin ya zama cira, ka biya masa haraji da tara. In kuwa aka rubuta da sunan sabon kamfanin, a ƙasa aka sa domin amfanin wane, ba a yankar komai. Na zaɓi wannan. Sai aka ce tsarin asusunmu yana buƙatar amincewar mata, da hatimin notari. Muka je reshen bankinmu da uwargida ranar Asabar da safe, ta sa hannu a gaban jami'in, ya duba lasisin tuƙinta ya buga hatimi, kyauta tunda muna da asusu da su. A mota take cewa ba ta san tana da ta cewa a kuɗin nan ba sai yau. Kamfanin ya cire dala 50 kuɗin aiki.

Sai zaman jira. An sayar da hannayen jarin, kuɗin ya zama takarda yana yawo a gidan waya, kasuwa ta hau ko ta sauka ba ruwansa. Kullum na dawo aiki sai na leƙa akwatin wasiƙa kafin in shiga gida. Da cek ɗin ya iso, cikin wata farar ambulan da ta yi kama da tallan katin bashi, na kai shi ofishin sabon kamfanin da hannuna maimakon in sake jefa shi gidan waya. Can ma aka ce sai ya yi 'yan kwanaki kafin a sake shi. Abin da na zata aikin mako guda ne ya kai ni tsakiyar Nuwamba. Wanda ya fara wannan a Disamba, ga hutun Kirsimeti ga cunkoson ƙarshen shekara, da wuya ya tsallake.

Kafin in taɓa komai na je wurin wata ƙwararriyar mai haɗa takardun haraji, ta karɓi dala 150 na zaman shawara. Ta ce in zo da takardun harajin 2023, da takardar albashi ta ƙarshe tawa da ta uwargida, da jimillar tallafin rashin aiki, tunda shi ma gwamnatin tarayya na karɓar haraji a kansa, sai kuma takardun inshorar lafiya. Lissafin a bayan ambulan ta yi shi, kuma kowa zai iya. Samunmu na shekarar duka zai kama kusan dala 78,000. Ma'aurata masu haɗa takarda ana yafe musu dala 29,200 a 2024, saura 48,800. Matakin kashi 12 yana ƙarewa ne a dala 94,300, daga nan sai kashi 22. Ke nan akwai fili na dala 45,500 da zan iya juyawa a kan kashi 12. Ta ja layi a ƙarƙashin adadin, ta ce wannan rufi ne ba umarni ba, sannan ta fara rage shi.

Abu na farko inshora. A watannin da ba ni da aiki mun shiga inshorar kasuwar gwamnati, wadda ake kira Obamacare, kuma tallafin da aka ba mu an gina shi ne a kan samun da na yi hasashe. Kuɗin juyawa yana shiga cikin samun shekara, don haka a lokacin haɗa takardu za a sake lissafi a fom 8962, a ce mu mayar da wani ɓangare. Na biyu, babbar 'yarmu za ta shiga jami'a a 2026, fom ɗin neman tallafin karatu na FAFSA kuma samun shekara biyu baya yake dubawa, wato na 2024 ɗin nan dai. Na uku, wanda ya fi duka, harajin daga ina zai fito. Ta ce in ba ni da kuɗin biya a gefe, in rage adadin har ya zo daidai da abin da nake da shi. Muka tsaya a dala 30,000. Na tarayya dala 3,600, na jiha kashi 4.5 cikin 100 wato dala 1,350, jimilla 4,950, ban da abin da za a mayar na inshora. Wanda ke Texas ko Florida ba shi da wannan na jihar. Ba zan ɓoye ba, na fito ofishin jikina a sanyaye, mutum ya ɗauki dubu biyar ya miƙa wa gwamnati da kansa a shekarar da ya rasa aiki, sai da na kwana ina juya abin a raina.

Ta kuma ba ni shawarar kada in yi gaggawar dannawa a Nuwamba. Kafin 2018 mutum na iya juyawa, in ya ga lissafi bai yi ba ko kasuwa ta faɗi, ya warware ya mayar da kuɗin inda yake. Dokar 2017 ta soke wannan, yanzu in ka juya bakin alƙalami ya bushe. Shi ya sa ake so a jira har samun shekara ya bayyana sosai, a ga ko akwai ƙarin lokacin aiki ko kyautar ƙarshen shekara da za ta tura mutum mataki na gaba. Amma kuma ba a kai wa aski gaban goshi, domin kowane kamfani na da tasa ranar rufe karɓar buƙata, musamman in ta takarda ce, kuma kasuwa ƙarfe huɗu na yamma agogon New York take tashi. A ganina mako na farko ko na biyu na Disamba shi ne daidai, lokacin an ga kusan duk albashin shekara, kuma in wani abu ya maƙale akwai sauran kwanakin gyara.

Juyawar kanta ba ta kai tsawon shan shayi ba. Na shiga shafin kamfanin, na zaɓi asusun da za a ɗiba da wanda za a zuba, na rubuta 30,000. Shafi na gaba ne ke buƙatar natsuwa. An riga an cike gurbin yankan haraji da kashi 10 cikin 100, sai in kai ka canza. Da na bar shi, dala 27,000 ce za ta isa Roth, 3,000 ta tafi IRS. Wannan dubu ukun a idon doka ba juyawa ba ce, cira ce, kuma tunda ban kai shekara 59 da rabi ba, tarar kashi 10 za ta hau kanta, dala 300, sai in na cike giɓin daga aljihu cikin kwana 60. Ga kuma asarar da ta fi, kuɗin da ya kamata ya zauna yana haihuwa ba haraji ya fita ke nan. Na mayar da gurbin sifili, na tarayya da na jiha, shafin ya fito da gargaɗi da jan rubutu cewa nauyin biya yana kaina, na amince. Washegari kuɗin ya bayyana a Roth. A lura, yana sauka ne a matsayin tsabar kuɗi in tsabar ka juya, sai ka sake sayen hannun jari da kanka, in ba haka ba yana nan zaune.

Daga nan sai ranar da ba wanda ya taɓa ambata mini a cikin 'yan uwa, 15 ga Janairu. Tsarin Amurka shi ne ana biyan haraji yayin da ake samu, ba a jira Afrilu. Mai albashi bai san da wannan ba saboda ana yanka masa tun daga tushe. Wanda ya samu kuɗin da ba a yanka ba, ana son ya biya da kansa a zango huɗu, 15 ga Afrilu, 15 ga Yuni, 15 ga Satumba, da 15 ga Janairun shekara mai zuwa. Ana tsira daga tara in abin da ya rage a kanka bai kai dala 1,000 ba, ko ka riga ka biya kashi 90 na harajin bana, ko ka biya daidai da duk harajin bara, wanda yake zama kashi 110 in samunka na bara ya haura dala 150,000. Ni na bara ya yi mini nisa tunda a 2023 na yi aiki cikakke, don haka kashi 90 ɗin na nufa. Tarar dai ruwa ce ake ɗorawa, a 2024 kashi 8 cikin 100 a shekara, ba ta kashe mutum amma haushi gare ta.

A nan akwai wata dabara da ta burge ni. In ka biya dunƙule a Janairu, IRS na ɗauka cewa samunka a baje yake tun farkon shekara, sai ta ce ka makara a zangunan baya, sai ka cike wani dogon jadawali a fom 2210 ka nuna cewa a Disamba kuɗin ya shigo. Abin da aka yanka daga albashi kuwa, ko a ranar ƙarshe ta shekara aka yanke shi, ana lissafa shi kamar an raba shi daidai a duk zangunan. Saboda haka tun a Nuwamba ni da uwargida muka sabunta fom W-4, wanda ke faɗa wa kamfani nawa za a yanka na haraji daga albashi, a wuraren aikinmu, muka ce a ƙara yanka a sauran albashin shekara. Gidan ya ɗan ji jiki a watan, cefane ya koma na lissafi. Ragowar na biya a farkon Janairu ta shafin Direct Pay na IRS, kai tsaye daga banki ba caji. A shafin a kula da gurbin shekara, ana cikin 2025 amma biyan na 2024 ne. Na jiha ma na biya a shafinsu, ranakunsu ɗaya da na tarayya. A Janairun muka mayar da W-4 yadda yake.

Maganar shekara biyar ita ce ta fi rikita mutane, domin ƙa'idoji biyu ne masu suna ɗaya. Ta farko ta shafi kuɗin da ka juya. In ba ka kai 59 da rabi ba, ka cire shi kafin shekara biyar, ba za ka sake biyan haraji ba tunda ka riga ka biya, amma tarar kashi 10 za ta kama ka. Kowace juyawa da nata ƙidayar, kuma ana farawa ne daga 1 ga Janairun shekarar da aka yi ta, ba daga ranar da ka danna ba. Tawa ta Disamban 2024 ta fara ƙidaya daga 1 ga Janairun 2024, za ta cika 1 ga Janairun 2029. Da na bari ta zame 'yan makonni zuwa Janairu, sai 2030. Ta biyu ta shafi riba. Kafin riba ta fita ba haraji, sai Roth ɗinka na farko ya shekara biyar, kuma kai ka kai 59 da rabi, ban da wasu uzurori kamar naƙasa ko mutuwa. Wannan ƙidayar sau ɗaya ake yin ta a rayuwa, shi ya sa ko da dala ɗari ce yana da kyau mutum ya buɗe da wuri. In ka zo cira, doka ta tsara abin da ke fara fita: kuɗin da ka zuba daga aljihu, wanda ba haraji ba tara a kowane lokaci, sai na juyawa daga mafi tsufa, riba ce ta ƙarshe.

Ana cikin wannan ne ƙanin uwargida, likita ne a wata jiha, ya kira ni. Samunsa ya wuce iyakar zuba kuɗi kai tsaye a Roth, wadda a 2024 take rufewa a dala 240,000 ga ma'aurata, don haka yana bi ta ƙofar baya. A Fabrairu ya zuba dala 7,000 da ya riga ya biya wa haraji a IRA na jinkiri, ya juya ta nan take, ba abin da zai biya. Ya ce, "Yaya, na ji ka kwaso tsohon asusunka, ni ma akwai dala 63,000 a asibitin da na bari, zan kwaso ta IRA kafin shekara ta ƙare." Na ce, "Dokta, dakata tukuna." Mai haɗa takarduna ta riga ta yi mini bayanin wannan. IRS ba ta kallon abin da ke asusunka ranar da ka juya, abin da ke cikin duk IRA ɗinka na jinkiri ranar 31 ga Disamba take kallo, har da nau'in SEP da SIMPLE na masu aikin kansu da ƙananan kamfanoni. Kamar fura da nono ne, in an dama ba ka iya cewa nonon kaɗai ka sha. Da ya kwaso, lissafin zai zama 7,000 a cikin 70,000, kashi 10 kawai na abin da ya juya tun Fabrairu zai tsira, sauran dala 6,300 sai ya biya mata haraji a matakinsa mai tsada. Abin da aka yi a Disamba ya koma ya ɓata na Fabrairu ke nan. Kuɗin da ke cikin 401(k) ba ya shiga wannan lissafin, don haka ya kai nasa asusun sabon wurin aikinsa.

Takardu sun fara zuwa a ƙarshen Janairu. Fom 1099-R guda biyu na samu. Na tsohon kamfani yana ɗauke da harafin G a gurbi na 7, alamar an kai kuɗin kai tsaye, abin haraji sifili, duk da babban adadin da ke sama yana iya tsinka wa mutum zuciya. Na biyun na dala 30,000 ne da lamba 2. Fom 1095-A na inshora shi ma ya zo. Muka zauna da mai haɗa takardu a Maris, ana cikin azumi, ta cike kashi na biyu na fom 8606 inda ake bayyana juyawa. Kowane mutum da nasa 8606 ɗin, ko da miji da mata takarda ɗaya suke haɗawa. Abin da aka ce mu mayar na inshora ya zo kusa da hasashenta, tara kuma ba ta hau ba. A watan Mayu, bayan an gama komai, sai ga fom 5498 yana nuna abin da ya shiga asusun. Kai ba ka aika shi ko'ina, kuma ba ya nufin an yi kuskure. Na haɗa shi da 8606 da 1099-R a jaka guda, tunda shekaru masu yawa nan gaba su ne shaidar yaushe aka juya da nawa.

Akwai ranakun da ba su shafe ni ba amma sun shafi manyanmu. Wanda ya kai shekara 73 dole ne ya cire wani adadi kowace shekara daga asusun jinkiri, kuma sai ya fara cire wannan kafin ya juya komai, shi kansa adadin dolen ba a juya shi. Mai Roth IRA ba a tilasta masa cira muddin yana raye. Inshorar tsofaffi ta Medicare tana duba samun shekara biyu baya wajen yanke abin da za ka riƙa biya a wata, don haka daga shekara 63 babbar juyawa na iya tsadantar da ita. Mai asusun SIMPLE kuma sai ya shekara biyu da shiga tsarin kafin ya juya, in ya yi gaggawa kuma bai kai 59 da rabi ba tarar kashi 25 ce. Sai masu niyyar komawa gida, waɗanda mu ne da yawa. Wanda ba ɗan ƙasa ba ne, ya tattara ya koma ya daina zama mai biyan haraji a nan, ana yankar kashi 30 cikin 100 daga abin da ya cira a asusun jinkiri, sai in ƙasarsa na da yarjejeniyar haraji da Amurka, Najeriya da Nijar da Gana kuwa ba su da ita. Irin wannan mutumin ya kamata ya yi lissafin juyawa tun yana nan, a shekarun da matakinsa ke ƙasa.

Da Alhaji ya ji yadda aka ƙare, dariya ya yi ya ce shi zubawa ya saba yi, bai taɓa juyawa ba, ranar da ya sani ke nan. A 2025 na yi aiki cikakke, filin da ya rage a matakin kashi 12 ya ƙanƙance, duk da iyakarsa ta tashi zuwa dala 96,950 kuma abin da ake yafewa ya koma 31,500. Na fara lissafi a Oktoba, na gyara W-4 a Nuwamba, na juya ɗan abin da filin ya ɗauka a farkon Disamba. Wannan kason ƙidayarsa daban, sai 1 ga Janairun 2030, sauran kuɗin kuma yana nan a IRA na jinkiri.